Jan Tirela a Ƙasa Mai Tuddai: Yadda Ake Zaɓen Hanya Kafin a Yi Lodi

Da yawa daga cikinmu mazauna cikin birnin Kano gonakinmu ba a nan kusa suke ba. Mutum yana zaune a Yakasai ko Mandawari ko Gwale, amma gonar masararsa tana can Tudun Wada ko Doguwa, wani ma har Saminaka ta jihar Kaduna. Da damina a kai taki, da kaka a kwaso amfani. A tsakanin nan ne ake ɗaura tirela a bayan tarakta ko a bayan a-kori-kura, kuma a nan ne ake tafka asarar da ba fari ba ce ta jawo ta, ba kuma ƙwari ba.

Mu Kanawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka tashi. In ka cire Dala da Goron Dutse, ina tudu a cikin ganuwa? Shi ya sa idan za mu zaɓi hanya tambaya ɗaya muke yi: wacce ta fi kusa? A ƙasa mai tuddai ba wannan ce tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce: a ina gangara mafi tsanani take, kuma zan iya tsayar da wannan lodin a kanta?

Abin da ya sa na ɗauko maganar

Kakar bara waccan, wata ƙungiya da nake zagayawa ta yi hayar tarakta da tirela don fito da masara daga gona zuwa bakin kwalta a yankin Doguwa. Hanya biyu ce: ta zagaye wadda motocin kasuwa ke bi, da wani yanke da ya ratsa ta gefen dutse ya sauka rafi. Da safe direba ya bi yanken da tirela ba kaya, ya wuce lami lafiya. Da la'asar aka ɗora buhu 50, lebura biyu suka haye saman kaya, aka ce a sake bin yanken don a riga magariba. A tsakiyar gangarar tirela ta turo tarakta, tayoyin baya suka kulle suna jan ƙasa, tirelar ta naɗe ta kwanta gefe. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ɗaya daga cikin yaran ya karye a cinya, buhuna suka farfashe a cikin rafi. Direban ba sabon hannu ba ne. Hanyar da ya bi da safe da wadda ya bi da yamma ɗaya ce a ido, amma ba ɗaya ba ce ga birki.

Me ya sa dawowa ta fi tafiya haɗari?

Ƙasar Kano tana tashi ne a hankali yayin da kake yin kudu. Birnin Kano bai kai mita 500 daga saman teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200. Daga Rano za ka fara ganin duwatsu, ka wuce Tudun Wada ka shiga dajin Falgore, ka isa ƙasar Doguwa da Riruwai inda tsaunuka suke sosai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. To amfanin gona daga sama yake gangarowa ƙasa, zuwa Dawanau da 'Yankaba da sauran kasuwanninmu. Ma'ana, lokacin da tirela ta fi nauyi shi ne lokacin da ta fi yawan fuskantar gangara.

Hawa yana ba ka wahala ne: inji ya yi zafi, kuloci ya yi ƙauri, ka tsaya. Gangara kuwa ba ta ba ka damar tsayawa. Bari mu yi lissafi mai sauƙi. Tarakta irin Massey Ferguson 375 da aka saba gani a ƙasar nan nauyinta bai kai tan 3 ba. Buhun masara mai kilo 100 guda 50 tan 5 ke nan. Ka ƙara nauyin ita kanta tirelar, mu ce tan ɗaya da rabi. Abin da ke bayanka ya ninka abin da kake kai fiye da sau biyu.

A gangarar da ke sauka mita 10 cikin kowace mita 100, kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin kaya ne ke turo ka gaba. Wato tirelar nan kaɗai tana tunkuɗa tarakta da ƙarfin da ya kai kilo 650, ba hutawa, har sai an kai ƙasa. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a garejojinmu ba su da birkin kansu. Ita kuma tarakta irin wannan tayoyin baya biyu ne kawai ke da birki. Idan ƙasan tsakuwa ce ko jan burji da ya sha ruwa, tayoyin nan biyu za su kulle su yi ta zamewa, kayan kuma ba su san an taka birki ba.

Sai kuma gudu. Idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da kake buƙata kafin ka tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Kuma birkin da aka daɗe ana takawa zafi yake yi, in ya yi zafi sai ya daina kamawa. Wannan shi ke cin manyan motoci a wurare irin su Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, wanda duk direban babbar mota ya san sunansa. Abin da ke faruwa can shi ne ke faruwa a ƙaramar gangarar bayan ƙauye, girman ne kawai ya bambanta.

A bi hanyar kafin ranar lodi

Kada ranar ɗaukar kaya ta zama ranar da direba zai fara ganin hanya. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, direban da kansa da mutum ɗaya daga ƙungiya su hau babur su bi duk hanyoyin da ake da su, kuma su bi su ta fuskar da za a bi da kaya, daga gona zuwa kwalta. Abin da ka hau ba ka ji ba, idan ka juyo za ka ga asalinsa.

Ga yadda ake auna gangara ba tare da wata na'ura ba. Ka samu katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 1, da kwalba mai ruwa rabi, da tef ɗin tela. Ka ɗora kan katakon ɗaya a ƙasa ta ɓangaren tudu, ka ɗaga ɗaya kan ta ɓangaren gangara, ka kwantar da kwalbar a kai har ruwan ya daidaita. Sai ka auna daga kan da ka ɗaga zuwa ƙasa. In ka samu santimita 5, gangarar kashi 5 cikin ɗari ce. In 12 ce, kashi 12 ke nan. A auna a wuri uku ko huɗu, a ɗauki mafi girma, domin wuri mafi muni shi ke yanke hukunci.

Ma'aunin da ni nake ba ƙungiyoyina ga tirela marar birki shi ne: ƙasa da 5, a bi da cikakken lodi idan ƙasa ta bushe. Daga 5 zuwa 10, a raba lodin biyu. Sama da 10, a nemi wata hanyar, ko a sauko da buhunan da jakuna ko babura zuwa gindin tudu a yi lodi a can. Wannan ba doka ba ce ta hukuma, shawara ce da na ga tana fisshe mu.

Abubuwa bakwai da ake dubawa a kowace hanya

1. Tsawon gangarar. Gajeriya mai tsanani da doguwa mai sauƙi kowacce da irin nata. Doguwar ce ke ƙona birki. A duba ko akwai fili a tsakiya da za a tsaya ƙarfe ya huce.

2. Abin da ke gindinta. Wannan ya fi komai. Gangarar da ta sauka ta miƙe a fili tana yafe kuskure. Wadda ta ƙare a kwana, ko siririyar gada, ko rafi, ko tsakiyar ƙauye inda yara ke wasa, ba ta yafewa.

3. Kwana a kan gangara. Tirela ba ta bin sawun tarakta, tana yanko kwana ne ta ciki. Idan cikin kwanar kwazazzabo ne ko zaizaya ta ci gefen, tayar tirela za ta faɗa tun direba bai ankara ba.

4. Karkacewar hanya. Hanyar da ta bi ta haƙarƙarin tudu, gefe ɗaya sama gefe ɗaya ƙasa, ita ke kayar da tirela mai dogon lodi. Rami ɗaya a ɓangaren ƙasa ya isa. Gara hanyar da ta fuskanci tudu kai tsaye da wadda ta ratsa shi a karkace.

5. Irin ƙasar. Jan burji busasshe yana riƙe taya, amma da ya sha ruwa sai ya koma kamar sabulu. Tsakuwa a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, tana gangarawa ƙarƙashin taya. Yashin gindin rafi kuma yana riƙe tirela daidai inda kake buƙatar ƙarfin hawa ɗaya gefen.

6. Gada da kwalbati. A sauka a leƙa ƙarƙashi. Sau da yawa saman yana nan lafiya amma ruwan Agusta ya rarake gindin. Kwalbatin da babur da amalanke ke wucewa ba lallai ya ɗauki tan 9 ba.

7. Wurin kaucewa da juyawa. Idan kuka haɗu da wata mota ko garken shanu a tsakiyar hawa, wa zai koma baya? Yin ribas da tirela mai kaya a kan tudu abu ne da ko gwani ke gudu. Hanyar da ba ta da wurin kaucewa, a tura yaro gaba da babur ya tsayar da masu tahowa.

Wa za a tambaya?

Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda za a tambaya. Ɗan acaɓa zai ce maka hanya lafiya lau, kuma gaskiya ya faɗa, domin shi babur yake ja. Ka nemi direbobin da ke ɗaukar hatsi ranar kasuwa, da masu taraktar yankin, da mai unguwa ko dagaci. Kuma kada ka ce "hanyar tana da kyau?" Ka ce: "Yaushe rabon da mota mai kaya ta bi ta nan? Buhu nawa ta ɗauko? A ina motoci suka saba faɗuwa?" Kowane ƙauye ya san wurin nan, wani lokacin har suna gare shi.

Malamin gona na KNARDA da ke kula da yankin shi ma a tuntuɓe shi, domin kullum yana kan hanyoyin nan. Google Maps kuwa yana da amfani wajen ganin nisa da inda rafuka suke, amma shi gajeriyar hanya yake nema wa ƙaramar mota. Bai san kana jan tirela ba, bai kuma san gadar da ta karye makon jiya ba.

Tarakta iyakarta bakin kwalta

Wasu ƙungiyoyin, don gudun kuɗin mota, sukan ce tarakta ta wuce da kaya har Kano. Ban goyi bayan haka ba. Daga Falgore zuwa Kano wajen kilomita 150 ne. Taraktar da ke tafiyar kilomita 20 a awa za ta shafe sama da awa 7 a kan titi, tana tsakanin manyan motoci masu gudu, galibi ba fitilar baya. Aikin tarakta shi ne ta tara kaya a wuri ɗaya a bakin kwalta, babbar mota mai birkin iska ta ɗauka daga nan. Idan ƙungiyoyi biyu ko uku suka haɗa kaya, kuɗin motar ba zai yi nauyi ba.

Masu jan ƙaramar tirela da a-kori-kura, misali masu sarin dankalin Turawa daga Filato ko masu kai injin casa, su ne ke da zaɓin manyan hanyoyi. Tsakanin Kano da Jos akwai uku da aka sani. Akwai ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, Falgore, Saminaka, Jengre, ita ce mafi kusa. Akwai ta Zariya, Pambeguwa, ta haɗe da ta farko a Saminaka. Akwai kuma ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi, Toro, ita ce mafi nisa. Ba wadda za ta raba ka da saukowa daga kan tudun Filato, saboda haka abin da za ka kwatanta shi ne halin kwalta a wannan makon, da yawan garuruwan da za ka samu bakanike da mai faci, da kuma tsaro. Hanyar Falgore tana da doguwar tafiya a cikin daji ba gari, kuma dajin ya yi ƙaurin suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da 'yan fashi. Mai jan tirela ba ya iya gudu, ba ya iya juyawa da sauri. In za a bi ta, a bi da rana tsaka, bayan an tambayi direbobin tasha da safiyar ranar.

A tuna kuma ƙa'idar hanya ta ƙasa ta sa wa motar da ke jan wata iyakar gudun kilomita 45 a awa. Ni ina ganin mai ƙaramar tirela ya riƙe wannan a matsayin rufinsa, a gangara kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ita ce 122, a ajiye ta a wayar direba da ta yaron mota.

Lokaci ma ɓangare ne na hanya

Hanya ɗaya tana da fuska uku a shekara. A watan Mayu da Yuni, lokacin kai taki, kaya sama suke yi, matsalar ita ce laka da zafin inji. Kudancin jihar nan ya fi arewacinta samun ruwa kuma yana riga shi farawa, don haka kada ka ga rana a Ƙofar Na'isa ka ɗauka can ma a bushe take. A buga waya a tambaya. In an yi ruwa da dare, a jira hantsi ya ɗaga ƙasa ta sha iska. Rafin da ke gudu kuwa ba a gwada shi da tirela, a jira ya janye.

Daga Oktoba zuwa Disamba ƙasa ta bushe, amma ramukan da damina ta bari suna nan, ciyawa ta rufe gefen hanya. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ga hazo, wanda ke ɓoye kwana da asuba da kuma yamma. A tsara aiki yadda za a gama sawu na ƙarshe kafin la'asar. Yawancin kurakuran da na gani daga "mu yi sauri kafin magariba" suka faro.

In an zaɓi hanya, ga abin da ya rage

Hanya mai kyau ba ta gyara mugun lodi. Kafin a tashi a tabbatar da waɗannan:

A ɗaura tirela a mazauninta na ƙasa da aka yi don jan kaya, ba a saman gatarin tayoyin baya ba. Ɗaurin sama shi ke sa gaban tarakta ya ɗaga a kan hawa har ta kifa ta baya a kan direba. A sa ƙusar ɗauri ta gaske mai makulli, ba guntun rodi ba, a ƙara da sarƙa.

A haɗe fedojin birki biyu na tarakta da makullinsu. A gona ake raba su don juyawa. A kan hanya in ka taka ɗaya kaɗai, tarakta za ta fizge gefe.

A shimfiɗa buhuna ƙasa-ƙasa, kada su wuce bangon tirela da yawa, a ɗaure da igiya. A tirela mai gatari ɗaya, nauyi ya ɗan fi yawa a gaban taya. In ya taru a baya, zai ɗage bayan abin da ke ja, tirela ta fara wutsil-wutsil.

A sa ƙaramar giya tun a saman tudu, kafin a fara sauka. Giyar da za ta hau da wannan kayan, da ita ake sauka. Ba a taka kuloci, ba a canza giya a tsakiya, ba a sakin mota firi don tsimin mai. Inji ne ke riƙe kaya, birki taimako yake yi.

Kowa ya sauka daga kan kaya. Lebura su taka da ƙafa su tarar da mota a ƙasa. Yaron mota ya riƙe weji biyu na katako yana tafe ta gefe, ta ɓangaren tudu, ba a bayan tirela ba kuma ba a tsakaninta da tarakta ba.

Shigowa gari

An sauko lafiya, saura shiga Kano. Nan ma zaɓen hanya ne. Lungunan cikin birni, irin na wajen Kasuwar Kurmi, ba a yi su don tirela ba, in ka shiga ba wurin juyawa, ga 'yan adaidaita sahu ga 'yan makaranta. Kayan da za su Dawanau, wadda ke kan hanyar Katsina, su bi manyan tituna ta wajen ganuwa. Wanda kuma zai ajiye a gida a cikin gari, a sauke a bakin babban titi kusa da ƙofar da ta fi kusa da unguwarsa, masu kura su ƙarasa da shi. A zo da sassafe ko bayan cunkoso ya lafa, kuma takardun mota da fitilun tirela su kasance daidai, kada 'yan KAROTA su riƙe ku da kaya a rana.

Shawara ga shugabannin ƙungiya

Direban haya da sawu ake biyansa, saboda haka yanke da cika lodi su ne ribarsa. In kuna so ya bi zagaye, ku sa a cikin ciniki tun farko: hanya kaza za a bi, buhu kaza a kowane sawu, ƙarin man a kanmu. Ku yi lissafin a gaban mambobi. Zagayen kilomita 20 awa ɗaya ce ga tarakta. Ku sa kuɗin man awa ɗaya a farashin yau, ku ajiye shi kusa da kuɗin buhu goma na masara, da gyaran tirela, da jinyar karaya. Ba na jin za a yi gardama.

Sannan sakatare ya buɗe shafi a littafin ƙungiya ya rubuta kowace hanya: gangararta nawa, ina kwalbatin da ake tsoro, buhu nawa aka bi da su lafiya, a wane wata. Direbobi suna canzawa, littafin yana nan. Bahaushe ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, mu kuwa awa ɗaya kacal ake nema a wurinmu.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu gida lafiya da kayanmu da yaranmu. Amin.